Filin Tambaya da Amsa: Wai Akoko Yarbanci ne ko wani yare ne daban?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Alhazai dai sun watse, Makka ta ɗan sarara, masu sana'a kowa ya koma lissafin abin da ya samu, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo wata tambaya da wata baiwar Allah ta aiko min kan yaren Akoko, nace zan amsa in an sauko daga Mina, ashe aiki na tono wa kaina, don kafin in ankara wasu mutum uku sun ɗora nasu a kai. To ga su nan na haɗa, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya iyali ya zafi. Ni sana'ar abinci nake a wajen Misfala lokacin Hajji, tuwo da shinkafa da wake har amala ina yi don a Sabo ta Ibadan aka haife ni na girma kafin aure ya kawo ni Makka, Yarbanci kam ko cikin barci aka yi min zan amsa. To bana akwai wasu tsofaffin mata biyu alhazan jihar Ondo kullum wajena suke cin abinci, in da ni za su yi magana Yarbanci suke yi tsaf, amma da sun juya wa junansu sai su koma wani abu da wallahi sai dai in tsinci kalma ɗai-ɗai. Na tambaye su sukace su 'yan Akoko ne daga Arigidi. Maƙwabciyata da ta taɓa zama Legas tace ai Yarbancin ƙauye ne kawai, kamar yadda Bakano ke shan wuya da Sakkwatanci, ni kuma nace ina, wannan ya wuce haka, har muka ɗan yi sama-sama. Malam raba mana gardama dan Allah.
Daga wata 'yar uwa, Shara Mansur, Makka.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, ya gajiyar aiki. Ki je ki faɗa wa maƙwabciyarki kunnenki bai yi miki ƙarya ba, ke kika ci gardama, amma ki bi ta a hankali don ita ma tana da ɗan kasonta na gaskiya, zan zo kansa.

Abin da ke rikita mutane shine Akoko asali sunan ƙasa ne, yanki ne a arewa maso gabashin jihar Ondo, Ekiti na yamma da shi, Kogi na arewa, Edo na gabas. Ƙananan hukumomi huɗu ne ke ɗauke da sunan a Ondo, hedikwatocinsu Ikare da Okeagbe da Oka da Isua, sannan a tsallaken iyaka cikin jihar Edo ga Akoko-Edo da hedikwata a Igarra. To in mutum yace miki shi ɗan Akoko ne, daidai yake da wani yace miki shi ɗan Filato ne ko ɗan kudancin Kaduna, kin san inda ya fito amma har yanzu baki san me yake yi da uwarsa a gida ba.

Ni a can na yi bautar ƙasa, a wata sakandare ba nisa da Ikare, kuma abin da ya fara ɗaure min kai kenan. Aji ɗaya yara talatin da wani abu, duk sunayensu na Yarbawa, duk suna Yarbanci a tsakaninsu, ni a zatona shikenan Yarbawa ne zalla, sai ranar da iyaye suka zo taro naji kowace uwa ta ja ɗanta gefe tana masa faɗa da wani abu daban, kuma yaron da ke kusa da shi bai san me ake cewa ba. Garuruwan nan fa wasu tafiyar minti goma ce a mashin tsakaninsu.

Mutanen Ikare da Oka da Akungba, inda jami'ar Adekunle Ajasin take, su kam karin Yarbanci suke yi, mai nauyi ne a kunnen ɗan Ibadan amma Yarbanci ne, to nan ne gaskiyar maƙwabciyarki take. Ki matsa Isua da Epinmi da Ipe sai ki tarar yarensu dangin Edo ne, wato 'yan uwan yaren mutanen Benin. Su Ikaram da Akunnu da Gedegede nasu ana ce masa Akpes, yanzu kuma sun fi son a ce Abesabesi. Ikakumo da Auga suna da Ukaan. Sai kuma naki tsofaffin, Arigidi da Erusu da Oyin da Igasi da Ese, da unguwannin Okeagbe wato Afa da Oge da Aje da Udo, da Uro da Ojo a cikin Ajowa, to waɗannan su ne masana harshe suka tara wuri ɗaya suka sa musu suna yaren Akoko, wasu suce Akoko ta Arewa, wasu kuma su kira duka da sunan Arigidi. Ajowa ma abin kallo ce, gari ɗaya ne amma daga wannan unguwa zuwa waccan yare ya canza, Uro da Ojo na nasu, Daja da Esuku na Akpes. Ita Arigidi ɗin ma na san kin taɓa jin sunanta ko baki lura ba, garin T.B. Joshua ne, faston nan na Legas da ya rasu a 2021, kuma Musulmi na da yawa a yankin musamman Ikare, shi yasa ba a rasa alhazansu.

Gwajin da ake fara yi mai sauƙi ne, kuma ke kin riga kin yi shi ba tare da kin sani ba. Bakano da Basakkwace in sun zauna za su yi ta tsokanar juna, wannan yace zauna wancan yace zamna, amma ciniki zai faɗa, ba mai neman tafinta. Ke kuma da aka haifa cikin Yarbanci kin kasa bin hirar tsofaffin nan, su kuma sai da suka sauya baki kafin su nemi ƙarin miya a wajenki. Wanda sai ya sauya baki kafin ki ji shi, harshe biyu gare shi. Yarbancin da suke miki shine na kasuwa da makaranta da masallaci da coci, na gida kuma daban.

Me yasa yaruka suka taru a ɗan wuri haka? Duwatsu ne Hajiya. Ƙasar duk tsaunuka ce, kuma wuri ne da manyan dangogi suka yi karo, Yarbawa ta yamma, Edo ta kudu da gabas, Ebira da Nupawa ta arewa. A ƙarni na 19 mayaƙan Bida sun addabi yankin da hari da karɓar gandu har da na bayi, musamman zamanin sarkinsu Etsu Masaba, ga mayaƙan Ibadan su ma suna shigowa ta ɗaya ɓangaren, sai kowace al'umma ta haye dutsenta ta lafe, har Turawan kamfanin Neja suka karya Bida a 1897. Ba yaƙin ne ya haifi yarukan ba, sun girme shi nesa ba kusa ba, amma zaman kowa a kan dutsensa ya taimaka wajen hana su narkewa cikin juna. Farkon mulkin Turawa ma a lardin Kabba aka sa Akoko, wato Arewa, daga baya aka mayar da ita Kudu ƙarƙashin Owo, garin da ke jihar Ondo a yau.

Abu ɗaya dai, kar ki je ki ce musu su ba Yarbawa ba ne, za ki ja wa kanki. Yawancinsu Yarbawa suke ɗaukar kansu, ga sarauta ga sunaye ga sutura duk iri ɗaya, kamar dai yadda za ki ga mutumin Bauchi ya amsa Bahaushe a nan Makka alhali in ya kira gida Jaranci ko Bolanci yake yi.

TAMBAYA: Salamun alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci, ɓangaren lugga. Da na ga maganar Akoko sai na shiga intanet na duba, wallahi na fito da ciwon kai, wani wuri an ce Kwa ne, wani an ce Binuwai-Kwango, wani Defoyid, wani Bolta-Neja har da wani abu wai YEAI. Shin su masanan nan sun san abin da suke yi kuwa ko kowa ya tashi da safe sai ya laƙa suna? Wanne ne sahihi?
Daga wani ɗalibi, Madina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Kai da kullum kake tsakanin Basriyyun da Kufiyyun, malaman nahawun Larabci na Basra da Kufa, ana ta saɓani kan ko fi'ili ne asali ko masdari shekara sama da dubu ba a gama ba, kai ne za ka yi ƙorafin saɓanin malamai? To zauna ka ji, sunayen nan ba kishiyoyin juna ba ne duka, wasu na kaka ne wasu na uba, wasu kuma tsohon suna ne da aka daina amfani da shi.

Babban gida dai ba gardama a kansa, Neja-Kwango, dangin da ke da harsuna wajen 1,500 tun daga Sanagal har Afirka ta Kudu. Joseph Greenberg ne Ba'amurke ya fitar da tsarin da aka fi bi a 1963, a ciki ya zuba Yarbanci da Edo da Ibo da Nupanci da Idoma tare da su Akan da Ewe na Gana a ɗaki ɗaya ya kira shi Kwa, to duk inda kaga an ce Akoko Kwa ne tsohon lissafin nan ne. A 1977 Bennett da Sterk suka sake auna kalmomi sukace ai waɗannan na Najeriya sun fi kusa da Binuwai-Kwango, inda su Tibi da Jukun da harsunan Bantu suke, sai aka kwashe su aka mayar can, kuma Kay Williamson, Baturiyar Ingila da ta ƙare rayuwarta tana koyarwa a Ibadan da Fatakwal, ta ƙarfafa wannan.

Defoyid kuma ƙaramin ɗaki ne a ciki. Hounkpati Capo ɗan jamhuriyar Benin ne ya ƙirƙiro sunan a 1989, ya ɗauko ede wato harshe a Yarbanci, ya haɗa da Ife, garin da Yarbawa ke cewa nan ne tushensu, ya laƙa wutsiyar nan ta -oid da Turawa ke sawa in suna nufin dangin kaza. Abin da yake faɗa shine Yarbanci da Igala da Itsekiri ciki ɗaya suka fito, su ake kira Yoruboyid, sannan Akokoyid, wato su Arigidin nan da ake kira yaren Akoko, ɗan uwansu ne mafi kusa, aka kuma raɓa Ayere na jihar Kogi da Ahan na Ekiti. Daga baya a 2000 Williamson da Roger Blench suka kawo YEAI ɗin da ya baka ciwon kai, kuma ba wani sirri a ciki, haruffan farko ne na Yoruba, Edo, Akoko, Igbo, wato Akoko ya samu kujerarsa shi kaɗai a gefen manyan uku maimakon a ɓoye shi a bayan Yarbanci. Bolta-Neja kuma sunan da aka sa wa waɗannan ne in an haɗa su da su Nupanci da Idoma da Ewe da Fon.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ta yaya ake gane dangantaka tun farko? Ba a duba kalmar mota ko waya ko sallah, waɗannan yawo suke kamar kuɗi. Ana duba kalmomin da mutum ba ya zuwa aro wajen maƙwabci, ido da kunne da hannu da ruwa da wuta da ɗaya biyu uku da ni da kai. Duba Yarbanci da Igala, ido oju da eju, kunne eti da eti, ruwa omi da omi, hannu owo da owo, wannan ko makaho ya shafa ya san jini ɗaya ne duk da kogin Kwara ya raba su. Sannan ba kama kawai ake nema ba, sai an ga sauyin sauti yana bin ƙa'ida, kamar yadda a Hausa duk inda Bakano ya ce zauna, aure, sauka, za ka ji na yamma ya ce zamna, amre, sabka, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, to irin wannan maimaituwar ita ce hujja, ita ce isnadin abin in ka ga dama.

Matsalar Akoko ita ce ɗaruruwan shekaru yana zaune a tsakiyar Yarbanci, kusan duk mai yinsa yana jin Yarbanci tun yana yaro, kuma ka san zama da maɗaukin kanwa. To in mai bincike ya ɗauki jerin kalmomi ya ga da yawa sun yi kama da na Yarbanci, tambayar ita ce gado ne daga kaka ɗaya ko aro ne na jiya da shekaranjiya? Masu Defoyid sun karkata ga gado, masu sukarsu sunce an ƙirga kayan aro cikin dukiyar gado shi yasa kusancin ya kumbura. Ƙari kuma an daɗe ba a tattara bayanai sosai ba, jerin kalmomi ne 'yan kaɗan daga gari kaza da gari kaza aka gina hukunci a kai, sai daga baya malaman jami'o'in Ibadan da Akungba, cikinsu har da 'yan yankin, suka shiga gari-gari suna ɗauka, har suka nuna cewa a cikin gidan ma Arigidi da Erusu sun fi kusa da juna, sauran kuma su Oge da Afa da Oyin da Uro sun yi nasu ɓangaren.

In ra'ayina kake so, ni na fi natsuwa da masu ba shi kujerarsa daban, don wanda ya zauna a wurin ya ga yadda Yarbanci ke shiga bakin yara kamar ruwa a rairayi ba zai yi saurin yarda da duk kamar da ya gani a takarda ba, kama da wane ba ta wane. Amma ko wane ɓangare ka bi abu uku sun tabbata, ɗan gidan Neja-Kwango ne, ba karin Yarbanci ba ne, kuma yana da dangantaka da Yarbanci da Edo da Ibo. In na yi maka da yaren mirasi, an yi ittifaƙi yana cikin magada, saɓanin kawai shaƙiƙi ne ko ɗan baffa. Kuma ka gode wa Allah ba Ukaan ka tambaya ba, shi wannan maƙwabcin nasa an kai shi nan an kai shi can har yau ana jayayya, don yana da tsarin rukunin sunaye irin wanda ake gani a harsunan Bantu, abin da Yarbanci ba shi da shi sam.

TAMBAYA: Malam jikata ce ke rubuta min wannan. Ni asalina Bafulatanin Adamawa ne amma Hausa ta cinye ni, ta Sudan muka biyo da mahaifina ina yaro, yau shekarata sama da hamsin a Jidda. Ni abin da na sani duk yarukan nan daga Larabci suka fito ta hanyar Hausa, ai Bayarabe yana cewa alubosa da wahala da alafiya da adura, to su ma 'yan Akokon ai haka ne. Me ya kawo wata Kwango cikin maganar?
Daga wani dattijo, Karantina, Jidda.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaida jikar taka mai alƙalami. Kalmomin da ka kawo duk haka suke, albasa da wahala da lafiya da addu'a daga Larabci suka taso, fatake da malamai suka kai su kudu, har da anfani da asiri. Sai dai mu ma fa mun ci bashi Baba, ashana da agogo da akwati da gyale da rake da akawu da alabo duk daga bakin Yarbawa muka karɓo, kuma ba wanda zai ce don haka Hausa 'yar Yarbanci ce.

Ka saurari jikokinka a gida ma ya isa. Za ka ji yarinya tace na shiga sayyara zan je mustashfa, jawwal ɗina ya mutu, kalas ka bari sai bukra. Rabin kalmomin Larabci ne, amma na shiga, zan je, ɗina, ka bari, ƙashin bayan maganar duk Hausa ne, Balaraben Riyad ba zai gane inda ta dosa ba. Riga ce ta ara, jikin nata ne. To haka Akoko yake da Yarbanci, haka Yarbanci yake da Hausa.

Inda ka yi kusa da gaskiya shine Hausa da Larabci, su kam akwai jini, amma ba uwa da 'ya ba, kakansu ɗaya can da nisa. Gidansu ana kiransa Afro-Asiya, ciki akwai Larabci da Ibrananci da Amharik na Habasha da Somaliyanci da yaren Buzaye da tsohon harshen Misira, Hausa kuma tana reshen Cadi tare da su Bolanci da Karekare da Angas da Tangale da Bade. Hujjar ba a kalmomin addini take ba, tana can ƙasa inda aro ba ya kaiwa. Muna cewa gidanka ga namiji gidanki ga mace, Balarabe yace baituka da baituki. Muna cewa ya zo, ta zo, shi yace yaktubu da taktubu. Mu makaranta da mabuɗi, shi madrasa da miftah, ma ɗin nan ta wuri da kayan aiki iri ɗaya. Mu mu ce mutu shi yace mata, mu mu ce me shi yace ma. Wannan rabewar namiji da mace a nahawu babu ita a Yarbanci, kalma ɗaya ce ke ɗaukar shi da ita, shi yasa za ka ji Bayarabe sabon koyon Hausa yace matata ya zo, muna ta masa dariya alhali ba laifinsa bane. Darajar Larabci ta harshen Alƙur'ani tana nan daram ba mai taɓa ta, wannan lissafin nasaba ne kawai, kuma sassaɓawar harsuna ai Allah da kansa ya kira ta aya a suratur Rum.

Yanzu ka riƙe hularka Baba don ga wadda za ta baka mamaki. Fulatancin da Hausa ta ƙwace maka, shi ɗan gidan Neja-Kwango ne, 'yan uwansa na kusa su ne Serer da Wolof na Sanagal. Wato a lissafin nasabar harshe, kai da tsofaffin Arigidin nan gidanku ɗaya, ni Bahaushe ni ne baƙo a tsakaninku. Ƙirga uku ka ji, Fulatanci tati, Yarbanci eta, Ibo ato, Suwahili tatu, Hausa kuma uku, ita kaɗai ta fita zakka. Huɗu kuma Fulatanci nayi, Ibo ano, Suwahili nne. Sannan yadda kuke cewa Pullo ɗaya Fulɓe da yawa, gorko da worɓe, nagge da na'i, tsarin rukunin sunaye ne irin na Suwahili mtu da watu, sai dai ku a ƙarshen kalma kuke sawa su a farko. Har a Sudan ɗin da kuka ratso, wasu harsunan duwatsun Nuba kamar Moro da Heiban a wannan babban gidan masana da yawa ke sa su. Barebari kuwa, abokan wasanku, ba su tare da mu ba su tare da ku, nasu gidan daban ne na Sahara, ka ga sai ka samu abin tsokana.

Kuma ai mu mazauna nan bai kamata suna ya ruɗe mu ba. A Sudan Bahaushe da Babarbare da Bazabarme duk Fallata ne, alhali kalmar sunan Fulani ce a bakin Barebari. A nan kuma duk Takaruni ne, daga Takrur, tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal da yawancinmu ko kakanninmu ba su taɓa takawa ba. Wanda ya kalle mu daga nesa ya bamu suna ɗaya, to mu ma haka muka yi wa duk wanda ya fito daga ƙetaren Kwara mukace Bayarabe.

TAMBAYA: Malam ni direba ne, tambayata gajeriya ce. Mutum nawa ke yin yaren nan, kuma zai ɗore kuwa?
Daga wani sawwaƙ, Riyad.

AMSA: Sannu da hanya ɗan uwa, Allah ya tsare. Adadin da aka fi yawo da shi 48,000 ne, amma na 1986 ne, ka ga ya tsufa, kuma ƙidayar Najeriya ba ta tambayar yare balle a sabunta. Yawan mutanen garuruwan ya ƙaru tabbas, sai dai yawan mutane daban yawan masu yare daban. Makaranta da Turanci da Yarbanci ake yi, wa'azi da huɗuba Yarbanci, rediyo Yarbanci, in ɗan Arigidi ya auri 'yar Ikaram da Yarbanci za su yi hira a ɗaki kuma da shi yara za su tashi, wanda ya tafi Legas ko Akure kuwa sai dai yaransa su iya gaisuwa. Lokacin da nake can tsofaffi na yi wa yara magana da yaren gida yaran na amsawa da Yarbanci, kai da ka san gidajenmu na Jidda da Makka inda uwa ke magana da Hausa ɗa na mayar mata da Larabci ba sai na faɗa maka inda wannan hanyar ke ɓullewa ba. Mu dai Hausa tana da miliyoyi a gida da za su riƙe ta, hasali ma ita ce ke haɗiye ƙananan yaruka a Bauchi da Gombe da Filato, su kuwa 'yan Oyin ko Uro in na garin suka saki ba wani wurin da aka ajiye saura.

Hajiyar Shara Mansur, in Allah ya kai mu baɗi alhazan Ondo suka sauka, ko cikin masu Umara kika dace da 'yan Arigidi ko Okeagbe, dan Allah ki nemi izininsu ki kunna rikoda a wayarki, ki tambaye su kai da ido da kunne da ruwa da wuta da kare da ƙirga ɗaya zuwa goma, da yaren gida fa ba Yarbanci ba, ki faɗi na Yarbancin ke da kanki a gefe, ki turo min mu buga a nan ɗalibinmu na Madina ya zauna ya auna da kansa. Kuɗin amalarsu na ranar ni zan biya.